Izinin Tashi Daban, Izinin Kallo Daban

Gidan Bahaushe don idon mai tafiya a ƙasa aka tsara shi. Daga Gangara ta gundumar Gazawa har ƙauyukan Gidan Rumji, ko katangar ƙasa ce ko dangar kara, lissafin magina ɗaya ne: tsawonta ya shige kan namiji tsaye, zaure ya tsare baƙo, ƙofar ciki ta kauce wa ta waje don kada mai wucewa ya hango tsakar gida. Bayan wannan, rayuwar gidan kusan duk a sarari take. Daka da tankaɗe, kitso, shayar da jinjiri, wanka a makewayin da ba shi da rufi, kwanan waje idan bazara ta matsa. Ba wanda ya damu da rufe sama, tunda daga can ba a tsammanin ido sai na shirwa, ita ma ƴan tsaki take nema.

Yanzu akwai wani idon a can. A rediyo ana ce masa jirgi maras matuƙi, masu ɗaukar hoton biki kuwa dron suke cewa. Sai a raba shi gida biyu tun daga farko. Akwai manya na yaƙi, irin waɗanda Amurka ta girke a sansanin Agadas har ta kwashe kayanta a 2024, da Bayraktar TB2 da Nijar ta sayo daga Turkiyya a 2022. Waɗannan ba su shafi maganarmu ba sai ta gefe guda: su suka sa ƙugin abu a sama ya zama abin faɗuwar gaba, musamman bayan Tudun Biri ta jihar Kaduna, inda a Disamba 2023 jirgin soja ya saki bam kan masu taron Maulidi, mutum 85 aƙalla suka rasu. Namu shi ne ƙaramin da ke shiga jakar goyo, wanda saurayi mai ɗan jari zai iya saya ya riƙa bin bukukuwa da shi.

Farfela huɗu gare shi, biyu na juyawa dama, biyu hagu, shi ya sa ba ya wulwulawa. Yana karɓar sigina daga taurarin ɗan'adam ya san inda yake, don haka yana iya tsayawa cak a wuri guda ko da iska na kaɗawa, mai shi kuma ya saki hannu. Kamarar tana rataye ne a wani ɗan hannu mai motsi da ke shanye girgiza, hoton ya fito sumul. Abin da take gani yana isa salular mai tuƙi nan take, ko da tazarar ta kai kilomita da dama a fili marar tsauni irin na Agye da Gazawa. Batirinsa kusan rabin awa yake yi. Mafi yawan waɗanda ke hannun mutane ƙirar DJI ne, kamfanin da aka kafa a Shenzhen ta ƙasar Sin a 2006.

Me yake gani? Daga mita 100, kamara mai kyau na raba ƙasa ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo kusan santimita 3. A wannan tsayi ba za ka gane fuskar mutum ba, amma za ka ƙirga awaki da shanun turke, ka ƙirga rumbuna, ka ga gidan da ke da babur da wanda ke da ƙofar baya. Idan ya sauko daidai kan kuka ko dogon gawo, to fuska ta fito, har zanen da mace ta ɗaura. Wasu suna da kamara mai jawo nesa kusa, ba sai sun sauko ba. Sannan kowane hoto yana ɗauke da rubutu a ɓoye cikinsa: rana, lokaci, da lambobin da ke nuna ainihin wurin da aka ɗauke shi. Wanda hoton ya shiga hannunsa zai iya bin lambobin har ƙofar gidan.

Tambaya biyu ce ke tasowa, mutane kuwa kan cakuɗa su. Wa ya ba shi izinin tashi? Wa ya ba shi izinin kallona? Doka ta ajiye su a ofis daban-daban, da littafi daban-daban. Mai dron na iya riƙe takarda mai hatimi a kan ta farko, alhali ba shi da komai a kan ta biyu.

Ta farko tsohuwar magana ce. A 1944 ƙasashe suka haɗu a Chicago suka rattaba hannu kan yarjejeniyar da har yau ita ce ginshiƙin sufurin jiragen sama, ita ta haifi hukumar ICAO da ke Montreal. Sashenta na 1 ya ba kowace ƙasa cikakken iko da samaniyar da ke bisa ƙasarta. Mun ga aikin wannan sashe ido da ido a Agusta 2023, lokacin da hukumomin soja a Yamai suka rufe sararin samaniyar Nijar, jiragen Turai masu zuwa kudu suka riƙa zagaye. Abin mamaki, tun wancan zamani aka hango jirgi maras matuƙi: sashe na 8 ya hana shi ratsa samaniyar wata ƙasa sai da izininta na musamman. A Gangara wannan ba zancen littafi ba ne. Ƙaramar hukumar, wadda take cikin gundumar Agye kafin a ɗaga Gazawa ta zama gunduma a 2011, tana kudu ne, jingine da jihar Katsina. Mai dron da ya bi ayarin amarya ta sama a ƙauyen bakin iyaka yana iya tsallakawa wata ƙasa cikin minti biyu, ƙafarsa ba ta gusa ba.

A idon doka dron jirgi ne, komai ƙanƙantarsa. A Nijar hukumar ANAC da ke Yamai ita ke riƙe da sha'anin jiragen farar hula, ASECNA kuma, wadda aka kafa a 1959, ita ke lura da zirga-zirgarsu a sama. Mai son yin sana'a da dron can zai fara sallama. A 2016, lokacin da hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta so taswirar sansanonin Sayam Foraj da Kablewa a jihar Diffa, ta ɗauki Abdul Aziz Kunce, ɗan Nijar mai ƙera nasa jiragen a kamfanin Drone Africa Service, kuma sai da izinin gwamnati ya tashi. Ɗaukar hoton barikin soja, filin jirgi da makamantansu haramun ne tun kafin dron ya zo, balle ta sama. A tsallaken iyaka lamarin ya fi tsauri a takarda. Tun Mayu 2016 hukumar NCAA ta Najeriya ta hana tashin dron sai da amincewarta da ta ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, a lokacin ta ce mai neman takardar sana'a ya biya naira 500,000, ya shigar da buƙatarsa wata 6 kafin ya fara. A Janairu 2025 sojoji suka haramta shi gaba ɗaya a arewa maso gabas, saboda ƙungiyoyin da ke ɗauke da makamai a yankin Tafkin Cadi sun koyi leƙen asiri da na kasuwa, har da ɗaura masa abin fashewa.

Lambobi biyu ne ke yawo a dokokin ƙasashe da yawa, Turai da Amurka suka yaɗa su: kada ya wuce mita 120 a sama, kuma idan nauyinsa ya kai giram 250 sai an yi masa rajista. Kowace da dalilinta. Jirage masu ɗauke da mutane ba sa sauka ƙasa da kimanin mita 150 sai wajen tashi ko sauka, don haka aka bar rata tsakani. Giram 250 kuwa lissafin rauni ne, wato nauyin da idan ya faɗo kan mutum ba a tsammanin ya kashe shi. Kamfanoni suka ji haka, suka ƙera mai giram 249. Ana ƙara wa lambobin sharuɗɗa: mai tuƙi ya riƙa ganin jirginsa da ido, ya nisanci filin jirgi irin na Maraɗi, kada ya bi ta kan cincirindon jama'a.

A duba da kyau wa waɗannan ƙa'idoji suke karewa. Suna kare jirgin fasinja, suna kare bariki, suna kare ƙoƙon kan mai tsaye a ƙasa. Mita 120 iyakar sama ce, ba iyakar ƙasa ba. Dron da ya tsaya mita 20 bisa makewayin wata baiwar Allah, mai shi na kallonsa da ido, nesa da filin jirgi, takardunsa cif, bai taka ko ɗaya daga cikinsu ba. Tarayyar Turai ta lura da wannan giɓi: dokarta da ta fara aiki a ƙarshen Disamba 2020 ta ce ko bai kai giram 250 ba, muddin yana da kamara kuma ba abin wasan yara ba ne, mai shi ya yi rajista. Rajistar dai suna ce kawai a littafi, ba ta hana kallo.

To ko maigida zai iya cewa samaniyar gidansa tasa ce? Kundin dokokin farar hula da Nijar ta gada daga Faransa ya ce, a sashe na 552, mallakar ƙasa ta haɗa da abin da ke bisanta da abin da ke ƙarƙashinta. An rubuta wannan a 1804, ba jirgi a duniya. Da jirage suka zo, dole aka rage masa tsawo, kuma shari'ar da ta fi shahara a kai ta mai kiwon kaji ce. Thomas Causby yana da gonar kaji kusa da filin jirgin Greensboro a Amurka. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu jiragen soja suka riƙa bi ta kan gidansa, tazararsu da ƙasa ƙafa 83, kusan mita 25. Kaji suka riƙa firgita suna dukan bango, kimanin 150 suka mutu, sana'a ta rushe. A 1946 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa sama hanya ce ta kowa, tsohuwar maganar mallaka har ƙololuwa ta wuce, amma mai ƙasa yana da haƙƙin iskar da ke kusa da ƙasarsa gwargwadon abin da yake amfani da shi, a biya shi diyya. Kotun ba ta ja layi ta ce daga mita kaza ba. Tsakanin rufin soro da mita 120 nan ne dron ke kiwo, kuma nan ne alƙalan duniya ba su gama daidaita baki ba.

Saboda haka mai tunanin ɗaukar gwafa ko bindigar farauta ya sake shawara. Dukiyar wani ce, kotu na iya sa shi biya. Batirinsa na kama wuta idan ya fashe, a garin da rufin ciyawa da rumbun kara suka yi yawa. Idan kuma aka yi rashin sa'a na hukuma ne, magana ta tashi daga ta maƙwabtaka ta koma ta tsaron ƙasa.

Kariyar matar da ke tsakar gida a wani littafin take. Kundin tsarin mulkin Nijar na 2010, wanda aka dakatar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ya ce a sashe na 27 ba a keta hurumin gida, sai dai masu rubuta shi ƙafar jandarma suke hange, ba kamara mai fiffike ba. Wadda ta fi dacewa ita ce dokar kare bayanan mutum. Nijar ta yi ta farko ranar 3 ga Mayu 2017, ta maye gurbinta da doka mai lamba 2022-59 ta 16 ga Disamba 2022, hukumar HAPDP kuma ita ke tsaron ta. A wannan doka hoton mutum da muryarsa bayanai ne nasa, kamar sunansa da lambar wayarsa, muddin za a iya gane shi. Ba sai fuska ta fito ba. Idan mutanen gari za su ce ai wannan gidan wane ne, waccan kuma uwargidansa ce, to an gane ta. Wanda zai tattara irin waɗannan bayanai sai ya sami yardar mai su ko wani dalilin da doka ta amince da shi, ya faɗi abin da zai yi da su, kada ya karkatar da su ga wani abu daban, kada ya ajiye su har abada. Mai hoton yana da ikon tambaya a nuna masa, ya ƙi, ko ya nemi a goge.

Akwai rangwame ga amfanin gida. Wanda ya ɗauki hoton iyalinsa don kansa doka ba ta bin sa. Rangwamen yana faɗuwa da zarar an shiga yaɗawa. A ɗauka ana ɗaurin aure a Gangara, uban ango ya ɗauko mai hoto daga Maraɗi. Ango da amarya sun yarda, su suka biya. Ƴan biki ma a ce sun yarda, tunda sun ci ado sun zo suna ɗaga wa jirgin hannu. Amma kamarar da ke mita 40 ba ta san iyakar gidan biki ba. Ta kwaso gidaje shida na kewaye, da tsohuwar da ke alwala, da mai jego da ta fito shanya. Waɗannan ba a gayyace su cikin fim ba. Da dare mai hoton ya yanko minti ɗaya mafi kyau, ya sa kiɗa, ya ɗora a TikTok da lambar wayarsa don ya sami wani aikin. A nan ya fita daga amfanin gida ta ƙofa biyu: sana'a yake yi, kuma ya watsa wa duniya. A Faransa ɗaukar hoton mutum a keɓantaccen wuri ba da yardarsa ba laifi ne mai ɗaurin shekara 1 da tarar yuro 45,000.

Idan abin da aka watsa ya kai ga tozarci, akwai sanda mafi nauyi. Dokar laifukan intanet ta 3 ga Yuli 2019, wadda aka ƙara wa tsanani a Yuni 2024, ta tanadi zaman kaso na shekara 2 zuwa 5 ga mai yaɗa abin da zai ta da hankalin jama'a ko ya zubar da mutuncin ɗan'adam. Ƙungiyoyin ƴan jarida sun yi ta kuka da ita, kuma da gaskiyarsu, don an fi jin ta a kan masu rubutu da masu suka. Duk da haka kalmar mutunci tana ciki, mai yaɗa bidiyon makewayin wani ya san da zamanta.

Inda magana ta fi wuya shi ne waje. Kasuwa, bakin rijiya, filin idi, dandalin kokowa, bakin babbar hanyar da ta ratsa Cadawa da Agye da Gazawa ta nufi Tasawa. Mai dron zai ce maka: wanda ya fito kasuwa ai ya yarda a gan shi. Gaskiya ne, ya yarda a gan shi. Amma ganin kasuwa gani ne na ba ni in ba ka. Ka gan ni na gan ka, na san kai ɗan gidan wane ne, idan ka zura mini ido na ce lafiya, malam? Gani ne kuma mai shuɗewa, yamma ta yi kowa ya watse, gobe an manta wa ya tsaya a rumfar wa. Dron ya cire duka biyun. Mai kallo yana can bayan wata bishiya, ba ka san shi ba, ba ka iya mayar masa da kallo. Abin da ya gani kuma ba ya shuɗewa, ana iya tsayar da shi, a ƙara girmansa, a tura Kano ko Abidjan, a dawo da shi bayan shekara biyar. Matar aure da ta saci jiki ta sayar da akuyarta don biyan bashin da mijinta bai sani ba, dattijon da ya je awon hatsi da kwano ɗaya bayan an san shi da rumbu, yarinyar da ta tsaya zance da wanda iyayenta ba sa so: duk a fili suke, kuma duk suna da sirri.

Kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai ta yarda da wannan bambanci a 2003. Wani mutum a garin Brentwood na Ingila ya fito titi da dare a 1995 cikin matsananciyar damuwa, da wuƙa a hannu, ya yi yunƙurin kashe kansa. Kamarar hukumar gari ta gan shi, ƴan sanda suka zo suka cece shi. Har nan ba laifi. Daga baya hukumar ta ba jaridu da talabijin hoton don tallar amfanin kamarorinta, ba a rufe fuskarsa da kyau ba, maƙwabta da dangi suka gane shi. Kotu ta ce an keta sirrinsa duk da cewa a titi yake, domin an kai ganin inda bai taɓa tsammanin zai kai ba lokacin da ya fito. Wannan ma'auni, a ganina, ya fi tambayar ko wurin na jama'a ne ko na mutum ɗaya. Hoton kasuwa daga nesa, jama'a sun zama taro ba a ware kowa ba, ba ya cutar da kowa. Bin mutum ɗaya daga rumfa zuwa rumfa har a raka shi gida, wannan farauta ce.

A kudancin jihar Maraɗi kuma akwai abin da alƙalan Turai ba su lissafa ba. Tun 2019 dubban mutane daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka tsallako gundumar Gidan Rumji suna gudun ƴan bindiga, aka zaunar da wasu a Cadakori, Garin Kaka da Dan Daji Makau. Satar shanu da ta mutane don kuɗin fansa ta taɓa ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji su ma. Kowa ya san ɓarayin daji da ɗan rahoto suke aiki, wanda zai ce musu gidan wane akwai shanu, ga hanyar shiga, ga ta fita. Bidiyon kasuwar dabbobi ko na ƙauye daga sama, da lambobin wurin a cikinsa, yana yin wannan aiki kyauta, mai ɗaukar bai ma san ya yi ba. A nan sirri ya wuce batun kunya.

Wanda ya zauna gaban malam ya san cewa ido daga sama ba baƙon al'amari ba ne a fiƙihu. Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da neman izini da sallama, Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, hadisi kuma ya bayyana cewa saboda ido aka shar'anta neman izinin. Malaman Malikiyya, mazhabar da ƙasar Hausa ke bi, suka mai da wannan dokar gini. Masu tarihin Masar sun ruwaito cewa da Kharija bn Huzafa ya gina bene a Fusɗaɗ, Halifa Umar ya aika wa gwamna Amru bn Asi umarni: a sa gado a ɗakin, a sami mutum matsakaicin tsawo ya hau, idan yana hango cikin gidajen maƙwabta ta taga, to a rushe benen. A ƙarni na 14 wani magini a Tunis, Ibn ar-Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba gine-ginen da ake rigima a kansu, ya tara irin waɗannan hukunce-hukunce a littafinsa al-I'ilan bi Ahkamil Bunyan: taga mai leƙen maƙwabci a toshe ta, soron da za a riƙa hawa a yi masa katanga. Har hasumiyar masallaci ba ta tsira ba. Malamai sun yi fatawa cewa idan ladan zai hango tsakar gidaje daga can, a hana shi hawa.

Fatawar hasumiya ita ce ta fi kama da halin da muke ciki. Ladan aikin lada zai yi, hasumiya wakafi ce, ba wanda ya zarge shi da mugun nufi, amma aka ce ya sauko. Wato malaman ba su tambayi niyyar mai hawa ba, ba su tambayi wa ya mallaki wurin da ya tsaya ba. Abu ɗaya suka auna: daga nan ana ganin abin da bai kamata a gani ba? Gwajin gadon Umar ma haka yake, gwaji ne da kowa zai iya maimaitawa. Yau ya fi sauƙi, tunda abin da jirgin ke gani yana kan salula, maigari na iya cewa miƙo in gani. Dokar jiragen sama ta tsaya kan nauyi da tsayi, dokar bayanai ta tsaya kan abin da aka ajiye aka yaɗa. Kallon da aka yi kai tsaye ba a naɗa ba, wanda ya fi wuyar kamawa a kotu, fiƙihu ne ya fi su riƙe shi.

Kada a ɗauka duk ido daga sama sharri ne. Mutanen Agye sun fi kowa sanin haka. Shekaru manoman Dan Saga da maƙwabtansu suna sassaben zamani, suna barin tohon kututture ya zama itace a gona, masana na can suna rubuta cewa hamada ta cinye Nijar. Sai da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka ya jera hotunan sama na 1975 kusa da na farkon shekarun 2000 aka ga abin da talakawa suka yi: kusan hekta miliyan 5 sun farfaɗo, itatuwa wajen miliyan 200, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Kwamitocin ƙasa da dokar karkara ta 1993 ta kafa, masu raba rigimar iyakar gona da burtali, hoton dron zai rage musu rantsuwa da doguwar muhawara. Sai dai aikin gona ba ya buƙatar tsakar gida. Ana iya tsara hanyar jirgin ta kauce wa gari, a sanar da maigari ya sa a yi shela kwana ɗaya kafin a tashi, a dusashe gidajen da suka shigo hoto kafin a miƙa taswira. Ƙungiyar da ta ce ba ta da lokacin wannan, kasala ce ke damunta.

Hukuma fa, wa ke tsare ta? Dokokin bayanai kusan ko'ina suna sassauta wa tsaron ƙasa, kuma a yankin da ake sace mutane ba mai hankalin da zai ce jami'ai kada su duba daji ta sama. Amma duba daji daban, shawagi kan unguwa ba dalili daban. A Mayu 2020, lokacin kullen korona, babbar kotun da ke shari'a tsakanin gwamnati da jama'a a Faransa ta umarci ƴan sandan Paris su sauke jiragensu nan take, don ba dokar da ta fayyace abin da za su ɗauka da inda hotunan za su tafi. Sai da majalisa ta yi doka, aka sa sharaɗin izinin prefe na wuri da lokaci ƙayyadadde, kafin tashinsu ya halasta.

Saura aiwatarwa, inda dokokinmu suka saba yin sanyi. HAPDP tana Yamai, fiye da kilomita 600 daga Maraɗi, matar ƙauye kuwa ba za ta rubuta ƙara da Faransanci a kan jirgin da ba ta san mai shi ba. Amurka da Turai sun wajabta wa yawancin jiragen su riƙa watsa lambar shaidarsu da wurin da mai tuƙi yake tsaye, ta yadda jami'i zai karanta da na'ura. Kafin irin wannan ta iso, abin da ƙauye ke da shi shi ne rabin awar batir. Dole jirgin ya sauka, kuma a hannun mai shi zai sauka, yara ma za su kai ka wurin. Daga nan hanya sananniya ce: maigari, sarki, idan ta ƙi a je wa jandarmomi ko prefe a Gazawa. Abin tambaya uku ne: ina takardar izinin tashi, wa ya sa ka aikin, nuna abin da ka ɗauka. Idan aka yarda a goge, a tuna cewa hoton wuri biyu yake. Cikakken yana kan memorin da ke jikin jirgin, amma manhajar tuƙi kan ajiye wani kwafi marar nauyi a cikin salular, kuma shi ne ya fi saurin shiga WhatsApp.